Hannun da Malama ta Tsallake

Wata biyar ke nan da aka binne Malama, amma har yau 'yarta Auta ba ta rubuta lamba takwas ba tare da gabanta ya faɗi ba. Abin ya zame mata jidali, domin aikinta ba ya yiwuwa sai da takwas. A ɗakin ba da magani na wani ƙaramin asibiti take, bayan wata taga mai waya, tana zuba ƙwayoyi a 'yar ambulan ta rubuta yadda za a sha: biyu da safe, ɗaya bayan kowace awa takwas. Daga ɗaya zuwa bakwai, idan ta ɗora biro, sai ta ji nauyin wani hannu a bayan nata, mai ɗumi, busasshe, yana tafiya da ita a hankali, har da ƙanshin alli a ɗakin da ba a taɓa shiga da alli ba. Da ta zo takwas sai nauyin ya ɗage, a bar ta ita kaɗai. Nan take za ta tuna akwai saƙo a bakinta, kalma huɗu kacal, wanda mahaifiyarta ta jira har ta rasu ba ta ji ba.

Shekarunta hamsin da biyu, tana da furfura a gefen kunne, amma ba wanda ya taɓa tunanin daina ce mata Auta. Ita ma mahaifiyar tata ba mai kiranta da komai a gari sai Malama, har limamin unguwa, wanda shi ma ta share masa majina yana ɗan shekara shida.

Malama ta fara koyarwa tana da shekara ashirin, a aji ɗaya, kuma a aji ɗayan ta yi shekara talatin da takwas. Sau biyu ana kiranta ofis a ce ta karɓi shugabancin makarantar, sau biyu tana cewa, "To wa zai riƙe musu hannu?" Ajin nata taga biyu gare shi, ɗaya an ɗaure marfinta da waya tun kafin a haifi rabin malaman makarantar. Akwai bokitin ruwa a bayan ƙofa, da darduma a naɗe a kan kabad, da ƙananan wanduna uku a can ƙasan aljihun teburinta saboda yaran da fitsari ke ƙwace wa. Dattawa da yawa a garin sun taɓa komawa gida da ɗaya daga cikin wandunan nan, kuma ta tafi kabarinta ba ta faɗi sunan ko ɗaya ba.

Yadda take koyar da rubutu shi ne abin da aka san ta da shi. Ba ta yarda yaro ya kwafa daga allo ba sai ta riƙe masa hannu. Za ta tsaya a bayansa, ta danne takarda da hagu, ta ɗora damanta a kan nasa, babban yatsanta a gindin babban yatsansa, ƙaramin ya zagaye ƙasan wuyan hannu. Sai ta yi bisimilla a daidai kunnensa ta ce, "Saki. Kada ka shaƙe fensirin nan, ba abin da ya yi maka." Lamba ɗaya take koyarwa a yini, ko da sama za ta faɗo, kuma kowace lamba da 'yar maganarta. Biyu, ka rusuna ka gaisar sannan ka shimfiɗa tabarma. Bakwai, ka yi rufi ka jingina masa sanda. Ba ta shiga aji sai da alwala, ba ta kuma kama hannun yaro tana cikin fushi. Idan ranta ya ɓaci takan je ta tsaya bakin taga har ya sauka. Bayan sallar asuba tana bin ajin benci-benci a cikin addu'a, daga layin taga zuwa layin ƙofa. 'Ya'yanta na jiyo ta suna kwance.

Mijinta mai gyaran agogo ne, mutum marar hayaniya, ya rasu ya bar mata maza biyu da Auta tana shekara biyar. Aji ɗaya kashi biyu ne a makarantar, mazan kuma sun yi nasu ne a wajen ɗaya malamar, saboda haka a gida Malama ta riƙe musu hannu, a kan tabarma, bayan la'asar. Auta na zaune a gefe tana jiran nata lokacin, ba ta taɓa shakkar zai zo ba.

Shekarar da ta shiga makaranta sai ɗaya malamar ta tafi haihuwa, ba a kawo wata ba, aka haɗe ajin biyu. Yara sittin da biyu, har da 'yar Malama. Ranar farko, a bakin ƙofar makaranta, wata uwa ta ce wa 'yar'uwarta, da muryar da ta san za a ji, "To, bana dai mun san wadda za ta zo ta ɗaya." Malama ba ta waiwaya ba. Da ma ta waiwaya ta zazzaga wa matar masifa, da abin ya wuce a ranar. Amma ita irin mutanen nan ce da ke ɗaukar magana su kai ta kan darduma. Ta juya ta, ta auna ta da ranar da za a tsayar da ita a tambaye ta yara sittin da biyu, ta fito da hukunci mai tsauri a kan wadda ba ta yi laifin komai ba.

Ta kai Auta benci na ƙarshe. Ta gaya mata cewa daga ƙofar makaranta babu Inna, sai Malama. Lokacin rubutu Auta takan ji ƙarar takalmin uwarta yana matsowa benci bayan benci, ƙanshin alli yana ƙaruwa, har a zo kan yarinyar da ke gefenta, ta ji bisimillar a kunnen wata. Sai takalmin ya zo bayanta ya tsaya. Tsayuwar ba ta wuce numfashi ɗaya. Daga nan sai ya wuce zuwa layi na gaba. Shekara guda cur ana haka, kullum sai an tsaya, kullum sai an wuce.

A gida ta taɓa kai fensirinta sau ɗaya. "Inna, ki nuna mini biyar."

"Abin da ban bi 'ya'yan mutane gidajensu na yi musu ba, ba zan yi miki a nawa ba," in ji Malama, ba tare da ta dube ta ba. "Ki buɗe ido a aji."

Auta ta buɗe ido. Ta koyi rubutu da satar kallo, ta zo ta goma sha tara, ba wanda ya sake cewa komai a bakin ƙofar makaranta. Rubutunta ya fito jagwalgwalo, tana danna fensir har ya huda takarda, takwas ɗinta kuwa ƙwai biyu ne a ɗore waɗanda sau da yawa ba sa haɗuwa. Yayyenta, masu rubutu kamar tafiyar tsutsa, suka samu abin tsokana na har abada. Da ta samu aiki a asibiti babban ya ce, "Ai dama nan ne kaɗai za a ɗauke ki, su ma ba mai iya karanta nasu." Ta yi dariya tare da kowa. Auta ba mai faɗa ba ce. Idan aka ɓata mata sai ta yi shiru, ta ci gaba da aikinta, ta zuba wa mutum abinci ta ce ya ci lafiya, amma ya san bai ga fuskarta ba tukuna.

Malama ta yi ritaya, jikoki suka zo, goma sha ɗaya, ta riƙe wa kowannensu hannu. Har da 'yar Auta, wadda kakar ta laƙaba wa Aku saboda bakinta ba ya rufuwa sai tana barci. Auta takan tsaya a ƙofar kicin da ludayi a hannu tana kallon uwarta ta rungumo 'yarta ta baya, tana jin "Saki, 'yar nema, ba kokawa muke ba," tana jin dariyarsu. Ta ji daɗi don 'yarta, wannan gaskiya ne. Amma ta ji kishi, kishin yarinya 'yar shekara shida, kuma ta ji kunyar kanta da take jin sa.

Idanun Malama suka fara tafiya bayan ta haura saba'in, har suka rufe gaba ɗaya. Bayansu sai tunani ya bi. Mazan suna garuruwa masu nisa, don haka ɗakin baƙi na gidan Auta ya zama nata: gado, kujera mai hannu, buta, darduma da aka ɗinka wa maɓalli a gefen gabas don ta laluba. Ta manta shekara, ta manta mijinta ya rasu, amma ba ta manta salla ba, ba ta kuma manta hannuwa ba. Tsofaffin ɗalibai suna zuwa gaishe ta, ta ce, "Kawo hannun." Za ta laluba yatsun, ta matsa gindin babban, sannan ta faɗi mai shi. Wani bakanike mai gemu fari fat ya durƙusa ya miƙa nasa, duk baƙin mai, ta ce, "Kai ne mai cinye mini alli. Layin taga, benci na uku." Mutumin ya yi dariya har ta juye masa kuka. Ko hannun take ganewa, ko murya ce ke taimaka mata, Allah masani. Abin da Auta ta gani dai shi ne ba ta cika kuskure ba, kuma 'ya'yanta maza da jikokinta duk tana gane su da zarar ta kama.

Hannun Auta kuwa a kullum yana jikinta. Shi ke mata wanka, ya yanke mata farce, ya kai mata cokali baki. Wata rana Malama ta kama shi, ta laluba kamar yadda take wa kowa, ta daɗe, sannan ta sake shi a hankali.

"Wannan ba nawa ba ne," ta ce. "Baiwar Allah, ke 'yar gidan wa ce? Allah ya saka miki, kina ɗawainiya da ni."

Idan Auta ta ce "Inna" ba ta amsawa. Sai ta koma ce mata Malama, kamar a aji. Shekara biyu tana baiwar Allah a gidanta, ana mata godiya irin wadda ake wa baƙo mai kirki.

Wata la'asar ta dawo daga aiki ta zauna a gefen gadon tana rubuta lokutan maganin tsohuwar a jikin kwali. Malama ta karkata kai.

"Wa ke shaƙe biro haka? Tun daga nan nake jin kukansa."

"Ni ce, Malama."

"Wa ya koya miki rubutu?"

"Ba kowa."

"Subhanallahi. Ƙatuwar mace haka? Nemo fensir da takarda, ki zauna nan gabana."

Auta ta ɗauko tire ta kife a cinyarta, ta zauna a ƙasa ta jingina da gwiwoyin uwarta. Tsohuwar ta sunkuyo. Hagu ta laluba ta danne takarda, dama ta sauka a kan nata, babban yatsa ya nemi wurinsa ya zauna. Bisimilla ta zo a daidai kunnenta. Auta ta ciji leɓe don kada a ji numfashinta ya canza. Suka ja sanda ɗaya tsaye, suka sake ja, har layi ya cika. Da ta nemi su wuce biyu sai aka buge mata yatsa. "Gaggawar me kike? Gobe ma rana ce ta Allah."

Haka suka riƙa yi kowace la'asar, lamba ɗaya a yini. Ranar lamba biyar, suna tsakiyar layi, hannun Malama ya tsaya a kan nata.

"Kin san ina da 'ya a ajin nan?" ta ce, ƙasa-ƙasa, kamar kada yara su ji. "Tana benci na ƙarshe. Ita kaɗai ce ban riƙe wa hannu ba. Kullum sai na zo bayanta, na ga yadda ta damƙe fensir, hannuna ya ɗaga da kansa, sai na mayar da shi. Na ce adalci nake yi. Na ji tsoron haƙƙin yara sittin da ɗaya, na ɗauki na ɗaya na ɗora a kaina. Na roƙi Allah, amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe, ni kuwa nauyin baki ya hana ni."

"Inna," in ji Auta, "ni ce. Ni ce Auta."

"Haba, baiwar Allah. 'Yata ƙarama ce, ƙafarta ko ƙasa ba ta taɓawa idan ta zauna. Ke dai idan kin gan ta ki gaya mata abin da na ce. Ki kawo mini amsa."

Washegari, kafin a fara lamba shida, Malama ta tambaya. "Kin gaya mata?"

"Na gaya mata. Ta ce ta yafe."

Tsohuwar ta yi wata 'yar dariya ta girgiza kai. "Ba ta ce ba. Ke kike so ki faranta mini, Allah ya yi miki albarka, amma ba ki san ta ba. 'Yata ba ta yafiya da baki kafin ciki. Za ta yi shiru, ta share ɗaki, ta wanke kwanon da aka riga aka wanke. Ki ba ta kwana uku. Idan ta faɗa, to ta faɗa ke nan har abada."

Da safen nan Auta ta wanke tukwanen da Aku ta riga ta wanke. Shekara biyu tana neman uwarta ta gane ta, ga shi an karanto ta tun daga ciki, ana kuma ce mata baiwar Allah. Kuma gaskiya tsohuwar ta faɗa. Da ta duba zuciyarta sai ta tarar fushin yana nan, ƙarami, a zaune a benci na ƙarshe. Ranar bakwai suka yi rufi suka jingina masa sanda, Malama ba ta tambaya ba, ita ma ba ta ce komai ba.

Rana ta uku Auta ta tashi sallar asuba ta ji cikinta wasai. Ta laluba wurin da abin yake zama shekara arba'in da shida, ba ta same shi ba. Ta shiga ta yi wa uwarta alwala, ta ba ta shayi, maganar tana kan harshenta. Sai ta ce a ranta a'a, bari sai la'asar, lokacin darasi, hannu a kan hannu, a nan ya kamata a faɗe ta. Ita ma 'yar Malama ce, komai sai a lokacinsa. Ta gyara mata matashi ta ce, "Sai na dawo, Malama." Aka ce mata, "Yau takwas, ki fiƙe fensirin."

Kafin azahar wayarta ta yi ƙara a aljihun farar rigarta. Aku ce, kuma a karon farko a rayuwarta ta kasa haɗa magana.

Mutane sun zo gaisuwa har layin ya toshe. Kowa da labarinsa, kuma kusan kowa sai ya ɗaga hannun damansa yana nunawa, a nan take ɗora yatsa. Auta ta karɓi gaisuwa, ta ce amin, hannunta yana cikin mayafi. Ta yi wa mahaifiyarta addu'a bayan kowace salla, ta faɗa wa Allah cewa ta yafe, ta san kuma ya ji. Amma tsohuwar amsa ta ce a kawo mata, ita kuwa ta fita da amsar a baki ta tafi ƙirga ƙwayoyi. Wannan ne ya hana ta sakat, shi ne kuma ke tsayar mata da biro a gaban marasa lafiya har na bayan layi su fara tsaki.

Wata Asabar da hantsi Aku ta shigo ɗakin da ya kasance na kakarta don ta ɗauki tsintsiya, ta tarar da uwarta zaune a ƙasa, ta jingina da gadon, tire a kife a cinya. Takardar ta cika da lambobi, ɗaya zuwa bakwai, ɗaya zuwa bakwai, layi bayan layi, masu kyau kamar ba ita ta yi ba.

"Iye! Mama, wa kika ba kwangila? Wannan ai hannun Kaka ne." Ta leƙa sosai. "To ina sauran?"

"Nan muka tsaya," in ji Auta.

Aku ta buɗe baki, sai kuma ta rufe, abin da ba kasafai take yi ba. Shekararta ashirin da biyu, ta san darasin la'asar, ta sha jiyo su ta bayan labule. Ta ajiye tsintsiyar ta hau gadon ta zauna a bayan uwarta.

"Kawo hannun."

"Ke, tashi ki ba ni wuri."

"Kawo mana. Ni ma 'yar ajin ce, kuma na girme ki a karatu."

Hagu ta danne takarda. Dama ta sauka, babban yatsa ya tafi kai tsaye gindin babban yatsanta, ƙaramin ya zagaye wuyan hannu, ba laluba, ba kuskure. Tsigar jikin Auta ta tashi. Ba ta waiwaya ba, ba ta so ta ga fuskar da ke bayanta. Bisimilla ta zo a daidai kunnenta.

"Saki, Mama, ba abin da fensirin nan ya yi miki. Takwas ba ƙwai biyu ba ce. Daga sama za ki fara, ki zagaya hagu, ki tsallaka, ki zagayo ta ƙasa, ki koma gida inda kika fito."

Fensirin ya tafi, ya lanƙwasa, ya tsallaka, ya hau. Nauyin bai ɗage ba. Da bakin layin ya haɗu da mafarinsa, Auta ta ce, a sarari, da muryar da ake kai saƙo, "Malama, ta ce ta yafe."

"Me kika ce, Mama?"

"Ba da ke nake ba." Ta goge fuska da gefen zaninta, ta gyara takardar. "Mu yi tara."

Hannun da ke kan nata bai motsa ba. "Gaggawar me kike?" in ji Aku. "Sai gobe."